Mabiyiyar Ɗan Fari

Asembo, Agusta 2000

Zuwa ga 'yata Akeyo,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da mijinki Onditi, da fatan sanyin ƙasar nan taku bai daskarar da ku ba. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata da ke tsegumi duk sanda hadari ya haɗo. Surukinki Baba Oyier yana nan da ransa. Kunne dai ya yi nauyi, amma in zancen abinci ne yana ji tun daga bakin tafki. Kifin omena ya yi arha bana har kasuwar ta fara ba ni haushi.

A gidan waya na buɗe wasiƙarki, ban iya jira in kai gida ba. Da na kai wurin da kika ce kina da ciki wata biyu, sai na rangaɗa guɗa a tsakiyar layi, har mai sayar da kan sarki ya zubar da shayinsa. Allah ya raba lafiya! Ni da marigayiya mahaifiyarki kakanmu ɗaya, ni na riga ki shigowa gidan nan da shekara arba'in a matsayin matar ƙanen Baba Oyier, ni kuma na nuna wa Onditi ke. Uwarsa ta rasu, taki ta rasu, saboda haka ni ce uwa ta kowane ɓangare, ba ki da wurin gudu.

Ga maganar. Da zarar ciki ya shiga wata bakwai, ki tattara ki taho gida. Onditi ne babban ɗa a gidan nan, wannan kuma shi ne ɗansa na fari. A nan za a binne mabiyiyarsa, a bayan ɗaki, dama in namiji ne, hagu in mace. Kin san yadda ake kallon wanda mabiyiyarsa ke waje: baƙo ne, ko da gemunsa ya yi fari. Ranar rabon gona sai wani ya miƙe ya ce, kai ina aka binne taka? Shekara talatin ke nan duk mabiyiyar da aka binne a gidan nan da hannuna aka binne ta, ba kuwa a kanki zan fara hutu ba. Na riga na sa an yaɓe ɗakin Onditi, an sake masa jinka.

Kada ki rubuto min zancen sauro. Na san aikinki ke nan, kina zaune kina leƙen jinin mutane a madubin likita ana biyanki. Sauro ya ci ni shekara sittin da ɗoriya, ga ni nan daram, 'ya'yana takwas duk suna cin tuwonsu. Ke ma a nan kika girma, ba a cikin kwalba ba.

Innarki,
Perpetua Aoko

Edmonton, Satumba 2000

Inna,

Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwarta. A gaishe min da Baba Oyier da ƙarfi, kusa da kunnensa na dama. Onditi yana lafiya, yana ta koyar da lissafinsa, ni kuma laulayi ya sa ni da ƙanshin albasa ba ma ga maciji. Gwiwar nan ki riƙa gasa ta da ruwan zafi. Sanyi bai zo ba tukuna, yana hanya.

Kin hana ni zancen sauro, amma ki yi haƙuri, sai na yi. Ba zan iya zuwa haihuwa gida ba. Don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki ninke takardar ki danne ta da tulu.

Gaskiya kika faɗa, sauro ya ci ki bai kayar da ke ba. Dalili shi ne jininki ya yi karatu. Ƙwayar cutar da sauro ke zuba wa mutum, cikin jajayen ƙwayoyin jini take shiga ta ɓuya. In ta zauna, sai ta fitar da 'yan ƙayoyi a bayan ƙwayar jinin, kamar ƙarangiya, ta manne a jikin jijiya, don kada jini ya kwashe ta ya kai ta saifa, inda ake tace ɓatattu a hallaka su. To, a cikin jini akwai wasu fararen ƙwayoyi, miliyoyi, kowacce da sifa guda da ta iya ganewa. Sai an yi dace ɗaya ta ci karo da ƙayar da ta yi daidai da ita. Nan take ta fara hayayyafa, 'ya'yanta su yi ta ƙera wani ɗan abu kamar murfi, daidai bakin ƙayar nan, suna zubawa a jini. Ƙaya ta sha murfi, mannewa ta gagara, saifa ta yi aikinta. Murfin nan shi ne garkuwar da kike jin likitoci suna faɗa. In rikici ya lafa, wasu daga cikin fararen nan suna nan riƙe da sifar, ran da ta sake dawowa ba sai an yi dogon nema ba.

Muguwar cutar kuwa ƙayarta iri-iri ce, ta kai hamsin ko fi. Jiki ya koyi wannan, ta fito da wata. Shi ya sa yaro ke ta zazzaɓi, kowane zazzaɓi darasi guda, har ya girma ya haddace yawancinsu. Amma hadda ce mai son bita. Ni shekara goma sha ɗaya sauron gida bai cije ni ba, nawa karatun ya zube da yawa.

Wannan ma ba shi ne babban abin ba. Akwai ƙaya guda da ba ta kama ko'ina sai mabiyiya. Namiji bai taɓa gamuwa da ita ba, budurwa ma haka. Sai mace ta yi cikin fari jikinta zai fara ganinta, ba ta da murfi ko ɗaya. Cutar ta taru a mabiyiya ta cunkushe hanyar abincin jariri, uwar kuwa wani lokaci ko zazzaɓi ba ta ji. Kafin jiki ya gama koyo, an haihu. Shi ya sa 'yan fari a wajenmu suke yawan zuwa ƙanana, wasu ma ba sa zama. A ciki na biyu da na uku jini ya riga ya waye.

Da idona nake ganin wannan, Inna. Ana aiko mana da ruwan jinin matan yankinmu a daskare, da yardarsu, ba suna sai lamba. Mukan shimfiɗa ɗan yankin mabiyiya a kan gilashi, mu gauraya jini mai cutar da ruwan jinin mutum, mu zuba, mu wanke, mu leƙa. Da na namiji, cutar ta manne tam. Da na mai cikin fari, tam. Makon jiya na gwada na wata mai haihuwa bakwai, na wanke, na leƙa, sai na ga fes, kamar an share tsakar gida. Na daɗe ina kallo har abokiyar aikina Maureen ta ce, "Akeyo, lafiya kike hawaye a kan gilashi?" Na ce mata, "Wata mata nake gaisarwa." Ban san ta ba. Wataƙila itace take sayarwa a kasuwar Akala, amma jikinta ya ƙera abin da mu da duk injinanmu muka kasa ƙerawa. Ke na tuna, Inna, ke da duk matan da nake gani tun ina yarinya da goyo a baya da kwando a ka. Burinmu mu gano sifar murfin nan, a yi allura, a koya wa yarinya tun kafin cikin fari.

Ni kuwa tsohon karatu ya zube, sabon ban fara ba. Ki taimaka ki fahimtar da Baba.

'Yarki,
Akeyo

Edmonton, ƙarshen Nuwamba 2000

Inna,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya, ko da yake ban san ko kina son gaisuwar tawa ba. Mu lafiya. Ƙanƙara ta rufe ko'ina, cikina ya fito har maɓallin rigar sanyina ya ƙi rufuwa.

Wata biyu ke nan ina buɗe akwatin wasiƙa ina tarar da takardun talla. Onditi ya yi waya da ƙanensa a Kisumu. Ƙanen ya ce wasiƙata ta isa tuntuni, an ga kin karanta kin shige ɗaki, washegari ba ki fita kasuwa ba. Ya ce yanzu kullum kina yawo gida-gida wurin tsofaffin mata, ba wanda ya san abin da kuke ƙullawa. Ni na sani, ƙarata kike kaiwa. Cewa kike yarinyar da kika aurar ta yi boko ta raina gida, ta mai da garin ubanta gidan cuta.

Allah shaida ban raina ba. Yabonki na yi niyyar yi, in ya fito a karkace, alƙalamina ne ya yi laifi.

Baba Oyier ya aiko wa Onditi cewa in aka haifi ɗan a waje, kada a zo wurinsa neman sunan da za a raɗa wa ɗan. Tun ranar Onditi yake barin rabin tuwonsa a kwano. Likitata ta ce kada in kuskura in je, ta faɗa sau biyu tana kallon cikin idona. Sai dai shirunki ya fi maganarta nauyi a wurina. Na yanke shawara zan taho a Janairu, da magani da gidan sauro, abin da Allah ya yi shi ke nan.

Jaririn ya fara motsi. Yanzu haka yana shurina, ina rubutu ina jin tsoro. Ko layi ɗaya ne ki rubuto min.

'Yarki,
Akeyo

Asembo, Disamba 2000

Akeyo,

Gaisuwa a taƙaice yau, kowa lafiya, a ajiye sauran. Kada ki zo. Na sa ƙanen Onditi ya buga muku waya ya faɗi haka don kada wasiƙa ta makara, amma dalilin ba na aike ba ne, sai da hannuna.

Wawuya kawai! Ni Perpetua in zan yi faɗa da ke, sai in shige ɗaki in yi shiru? Ai da kin ji muryata daga nan har can ba tare da waya ba.

Na ce miki 'ya'yana takwas. Tara na haifa. Na farin namiji ne, ya zo a tsakiyar damina, ɗan ƙarami, damtsensa bai fi babban yatsana kauri ba. Bai yi mako ba. Surukata ta binne mabiyiyarsa a dama da ɗaki, ba a jima ba aka sake haƙa kusa da ita. Irinsu ba a ƙirga su, ba a kuma zancensu, shi ya sa ko mahaifiyarki ba ta gaya miki ba. Da na kai layin nan naki, "wasu ma ba sa zama," sai na shige ɗaki. Na yi kukan da ban yi ba a lokacin, don a lokacin cewa aka yi in share ido, wani na tafe.

Amma kin san ni, ba na sayen kifi sai na ga ƙasan kwando. Na ce bari in gwada maganar yarinyar nan. Na bi tsofaffin mata ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: ɗanki na fari fa? Ƙawata Nyagem ta dube ni ta ce, "Wanne? Wanda ake ƙirgawa ko na gaskiya?" Nyasakwa mai tukwane ta ce nata laifinta ne, haka aka gaya mata, don kwaɗayin ciki ya sa ta ci sabuwar masara kafin gidan surukinta ya ɗanɗana. Wata an ce mata maita ce, wata an ce ƙafar mijinta ce ta fita waje. Kowacce da dalilin da aka rataya mata, tana ɗauke da shi ita kaɗai tun tana amarya. Ba duka ba, wasu nasu sun rayu sun yi jikoki. Amma Akeyo, sun yi yawa.

Na tara su a gindin mangwaron coci na karanta musu wasiƙarki. Nyasakwa ta ce, "Sake karanta wurin ƙayar nan." Na sake. Ta ce, "Ashe ba masarar ba ce." Ta ja zane ta rufe fuska. Washegari na gan ta a bakin hanya ta sayi gasasshiyar masara tana fama da ita da 'yan haƙoranta uku, abin da ta rabu da ci tun kafin a haife ki.

Akwai kuma abin da hannuna ya daɗe da sani, kaina ne bai sani ba. Mabiyiyar 'yan fari da nake binnewa, sau da yawa baƙa-baƙa ce, ba ta da nauyi. Ta ɗa na biyar ko na shida kuwa ja wur, sai ki sa hannu biyu. Na ɗauka haka Allah ya yi su.

Da na gama yawona, na sami Baba Oyier da hantsi yana shan kunu. Na ce, "Yaya, yarinyar nan ba za ta zo ba."

Ya ce, "Me?"

Na san ya ji sarai. Na ce, "Ba za ta zo ba, ni na hana ta."

Ya ce, "Ke da ke binnewa, ke ce za ki kashe al'ada? Jikana ya zama baƙo a gidan ubansa?"

Na ce, "Tashi mu zaga bayan ɗakuna in nuna maka 'yan gida. Ga nawa can. Ga na marigayiya matarka, wanda ya riga Onditi zuwa, ko ka manta? Mabiyiyarsu tana nan, su ma suna nan kusa da ita, ba mai tambayarsu zancen gona. Baƙo mai rai kake so, ko ɗan gida irin waɗannan?"

Ya ajiye ƙoƙon. Na ji tausayinsa, amma ban janye ba. Can ya ce, "Bakinki ba shi da linzami, 'yar garin Uyoma." Bai ce ya yarda ba, tun ranar kuma ba ya amsa gaisuwata. Ki bar ni da shi, na saba.

Ki zauna inda kike, ki ci abinci da kyau. Ki ce wa Onditi ya cinye tuwonsa, ba shi ke da cikin ba. Matan yaran nan masu ciki kuwa, yanzu ni nake kora su asibiti shan ƙwayar da ake ba su, har sun fara ɓuya in sun hango ni.

Innarki,
Perpetua

Edmonton, Maris 2001

Inna,

Gaisuwa daga mutum uku! Na sauka lafiya, mace ce, kilo uku da rabi da ɗoriya. Muryarta taki ce, maƙwabcinmu da ke bayan bango ya riga ya shaida. Ina samun sauƙi. Onditi yana yawo yana murmushi kamar shi ya yi naƙudar.

Wasiƙarki na karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Ban san da yayanmu na fari ba, Inna, ki yafe min yadda na jefo miki maganar ba shiri. Onditi ma bai san an riga shi zuwa duniya ba. Baƙin nan da hannunki ya sani, dattin cutar ne. In ta cinye jini sai ta bar wani baƙin gari, shi ke rina mabiyiya. Mu a madubi muke ganinsa, ke kin daɗe kina gani da ido. Na ba Maureen labarin yawonki gida-gida, ta ce in gaishe ki da hannu biyu.

Tun kafin a ba ni yarinyar in duba yatsunta, na ce wa ungozoma ta nuna min mabiyiyar. Ta yi mamaki, ta kawo. Ja wur, Inna, mai nauyi, irin wadda ake sa wa hannu biyu. Ma'aikatan asibitin sun yarda mun taho da ita gida. Onditi ya ɗauki shebur ya zaga bayan gida, hagu da ƙofa kamar yadda kika ce. Ya kai sara ɗaya, shebur ya yi tsalle ya kusa fasa masa goshi, ƙasa ta daskare ta zama dutse. Yanzu haka mabiyiyar tana cikin firiza, a naɗe, kusa da kifi. Na rubuta mata takarda babba don kada ya yi kuskure ran girkinsa.

Ki gaya mana yadda za mu yi. Kuma har yau jaririyar ba ta da sunan gida, "yarinya" muke ce mata. Onditi ya ce zai jira ubansa ko shekara nawa ne. Baba ya ce wani abu?

'Yarki,
Akeyo

Asembo, Afrilu 2001

'Yata Akeyo,

Barka, barka, barka! Allah ya raya mana ita. Muna lafiya, ruwa ya sauka, an yi shuka. Wannan karon da mai sayar da kan sarki ya ga na fara buɗe ambulan, sai ya ɗauke kofinsa ya matsa.

Na tafi da wasiƙar wurin Baba Oyier, na tsaya a kansa na karanta da ƙarfi, ko ya amsa gaisuwa ko kar ya amsa. Da na kai wurin kilo, ya ce, "Nawa?" Na maimaita. Ya ce, "'Yar fari?" Na ce, "'Yar fari." Ya juya fuska wajen garke. Sai ya ce, "Tana kuka da ƙarfi?" Na ce har maƙwabta sun kawo ƙara. Ya ce, "To a sa mata Awuor." Sunan marigayiya matarsa ke nan, uwar Onditi. Ya ce in ƙasarku ta yi laushi, Onditi ya haƙa da hannunsa, ya zurfafa, ya kwantar da mabiyiyar cibiya na kallon sama, ke ki fara zuba ƙasa. Ya kuma ce a sanar da maƙwabcin nan mai ƙorafi cewa daga ranar, wurin ya shiga gidan Oyier, ya kiyaye iyaka. Bai ce na yi gaskiya ba, amma jiya ya aiko min da kaza.

Kada ku yi saurin kawo Awuor. In za ku zo, ku zo da maganinku da gidan sauronku, ni zan ɗaura shi da kaina.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na zauna rubutu tun ban karya ba. Mun je asibitin da ake ɗibar jinin nan da ake aiko muku, ni da Nyagem da Nyasakwa da wasu tsofaffi huɗu, cikin kayanmu na coci. Muka jera a benci muka naɗe hannun riga. Ma'aikaciyar, yarinya mai ladabi, ta ce, "Iyaye, na masu ciki muke ɗiba, ku ai kun wuce wurin." Nyagem ta ce, "'Yar nan, ciki goma sha ɗaya na yi, wa ya kai ni karatu a layin nan?" Yarinyar ta yi dariya, ta ce sai an rubuto daga sama, kuma wataƙila namu ya dushe da shekaru. To ke ce saman da na sani. Ki rubuto musu. In ya dushe ku leƙa ku gani, ai leƙen ne aikinku.

Na tsufa, Akeyo. Abin da jinin nan nawa ya koya, ba kyauta ya koya ba, ɗana na fari na bayar aka koya masa. Ba na so a binne shi tare da ni. Ku zo ku ɗiba tun ina da rai.

Innarki,
Perpetua Aoko